Ƙasar Sawun Ƙanina

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta. An dasa shinkafa an girbe, an sake dasawa an sake girbewa, ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni mutum ne mai yawan tunani, ko gaisuwa na yi wa mutum sai in wuni ina tambayar kaina ko na yi ta daidai. Ina tsoron in rubuta abu a fahimci wani daban. Ina kuma tsoron alhaki, domin akwai mutumin da dole in ambata, ban san zuciyarsa ba, ba na so in tashi gobe kiyama da haƙƙinsa a wuyana. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba, har nawa. Abin da ya tilasta ni yanzu shi ne Inna, mahaifiyarmu. Ta fara kirana da sunan ƙanina. In na shiga gaishe ta da safe sai ta ce, "Ka dawo?" Ni kuwa ban je ko'ina ba.

Ƙanina ɗan dambe ne. Ya bar gida, ba mu san inda yake ba. Ba faɗa aka yi ba, bai yi wa kowa laifi ba. Tsoron ƙasa ne ya kore shi, ƙasar nan da ake takawa. Zan faɗi abin da na gani, inda ban gani ba kuma zan ce ban gani ba.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan da gwamnati ta gina don noman rani. Mu ƙasarmu ba ta bushewa. Rani da damina ruwa yana gudu, ko shinkafa ko tumatir ko albasa, kullum akwai abin da ake ba ruwa. Idan ka fito da safe ka bi hanyar gona, za ka san wanda ya riga ka fita tun ba ka gan shi ba, domin sawunsa yana nan kwance a taɓo, yatsu biyar cif. Mun san sawun juna kamar yadda muka san muryar juna.

Tun muna yara Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Sun yi cacar baki da wani maƙwabcin gona a kan wanda zai fara tare ruwa, irin wadda ake yi kowace shekara. Ba a jima ba wani ɗan ƙurji ya fito masa a dunduniyar ƙafar dama. Ƙurjin ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. A asibiti a Kano suka ce ciwon suga ne ya ci jikinsa, suka yanke ƙafar, bai tashi ba. A gari kuwa ba wanda ya ce suga. Cewa aka yi an ɗebi ƙasar sawunsa an kai wa boka. Wata tsohuwa ma ta rantse ta ga mutum a tsugune a bakin gonarmu. Ni na fi yarda da maganar asibiti, ko in ce ina ƙoƙarin in yarda da ita. Ƙanina shi ne yake riƙe wa Inna kwanon ruwan zafi in za ta wanke ciwon. Bai taɓa yi min maganar ba bayan mun girma, ni ma ban taɓa yi masa ba, na ɗauka ya manta.

Mu ba mahauta ba ne, ba mu gaji dambe ba. A kasuwar Kura ya koyo shi wurin 'ya'yan mahauta, lokacin da yake kai musu albasa. Allah ya ba shi tsawo da faɗin ƙirji, ga ƙarfin da ɗaukar buhun shinkafa yake sa wa mutum. Amma shi bai ɗauki ƙarfi a bakin komai ba. Wata rana muna gyaran fangali, wato 'yan gadajen da muke dasa albasa a ciki, na ce masa ina tsoron ranar da zai haɗu da wanda ya fi shi ƙarfi. Ya dogara da fartanya ya yi dariya.

"Yaya, kai komai tsoro. Kana ganin hannu ne yake kisa? Ido ne. Duk wanda na kashe, tun kafin mu sa zare na gama da shi. Dukan nan don 'yan kallo ne kawai, kada su ce sun zo a banza."

Kisa a wurin 'yan dambe shi ne ka kai mutum ƙasa, ko da gwiwarsa ce ko tafin hannunsa ya taɓa. Sa zare kuma shi ne karawar, saboda zaren da ake naɗe hannun duka da shi har ya zama kamar dutse.

Yana da tasa dabarar. Sauran 'yan dambe in sun shiga fage sai ihu da kirari, wannan ya ce shi ne mutuwa, wancan ya ce shi ne wutar daji, ga layu har gwiwar hannu. Shi ba ya buɗe baki. Sai ya shigo a hankali da ƙatuwar ɗanyar albasa a hannun hagu, ya tsaya gaban abokin karawarsa, ya gatsa, ya yi ta tauna yana kallonsa, ko ƙifta ido ba ya yi, hawaye ba ya zuwa masa. Mutane suka ce albasar ta sha tofi. Wasu suka ce ba albasa ba ce ma. Na ga ƙato mai suna yana haɗiyar yawu saboda albasar nan. Ni kuwa na san daga fangalinmu ya tuge ta da safe.

Laya ɗaya yake ɗaurawa a damtse, babba, baƙar fata. Na dame shi da tambaya a kanta, domin ina tsoron kada ya zama akwai shirka a ciki. Ranar da ya gaji da ni sai ya farke ta a gabana. Guntun buhun taki ne a nannaɗe.

"Ka ga asirin nawa," in ji shi. "In ka faɗa wa wani, ni da kai ne."

Na kawo wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ƙanina wawa ne ko mai saurin ruɗuwa. Ya san yadda ake tsorata mutum, sana'arsa ce. Ya san rabin abin da ake yi a fage wasa ne da zuciya. Wannan shi ne abin da har yau ya kasa shiga kaina.

Shekarar da abin ya faru shinkafa ta yi kyau. Da aka gama casa sai samarin gari suka shirya dambe, aka gayyato 'yan wasa daga nesa. A filin bayan kasuwa aka yi fage, bayan sallar la'asar. A wasu garuruwan fage busasshen yashi ne, in ka taka ka ɗaga ƙafa sai ya rufe. Mu kuwa masu ruwa ne, muna alfahari da shi. Samari suka jawo injin ban ruwa daga kanal suka jiƙa filin sharkaf, wai don baƙi su ga ba ƙura a garinmu, manya su zauna da fararen kaya. Ƙasa ta yi laushi kamar fangalin da za a dasa. Na gani, na ma ce an kyauta.

Wanda aka haɗa ƙanina da shi baƙo ne, ban taɓa ganinsa ba. Gajere ne, ba shi da wata ƙira ta a zo a gani, ba laya ko ɗaya a jikinsa. Wani a bayana ya ce, "Wannan ai da albasar ma za a kashe shi." Aka yi dariya. Makaɗa suka saki kalangu, ƙanina ya shigo da albasarsa, ya kewaya fage a hankali yadda ya saba, ba takalmi, yana taka ƙasa da nauyi don a ji. Duk inda ya taka sawu yana fitowa ɓaro-ɓaro.

Baƙon bai ko dube shi ba. Ƙasa yake kallo. Ya tako a hankali kamar mai neman allurar da ta faɗi, yana bin sawun ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wanda ya fi fita sai ya tsuguna. Ya sa yatsun hannun da ba a ɗaure ba, ya ƙwaƙulo ƙasa daga gurbin dunduniya. Ta ƙafar dama. Ya mulmula ta a hankali, sannan ya ɗago ya kalli ƙanina, ya cusa ta cikin zaren hannunsa. Ya matso ya faɗi wata magana da ban ji ba.

Kalangu ya sassauta da kansa. Tsofaffin da ke zaune a kan benci suka fara salati ƙasa-ƙasa, domin duk wanda ya san gidanmu ya san abin da aka taɓo. Albasa ta faɗi daga hannun ƙanina ta gangara. Bai bi ta da ido ba, ƙafarsa yake kallo.

Daga baya ya gaya min abin da baƙon ya ce. Cewa ya yi, "Ta dama ce ko? Irin ta tsoho."

A turmin farko, wato zagayen farko, na san ba ƙanina ba ne a fage. Ɗan dambe mai duka da hannun dama, ƙafar dama ita yake kafawa a baya, daga nan ƙarfin yake tasowa. Shi kuwa ya ƙi kafa ta. Yana ɗaga ta yana taka yatsu kawai, kamar wanda ya taka garwashi. Ya kai duka sau da yawa, duk a iska. Baƙon ko damuwa da duka bai yi ba, yana ta kewaya shi yana kallon ƙasa. Mutanenmu suna ihu, "Kafa ƙafarka! Kai, kafa ƙafarka mana!"

A turmi na biyu baƙon ya yi kamar zai kawo duka. Ƙanina ya ja da baya da ƙarfi, dunduniyarsa ta nutse cikin laka, sawu ya fito mai zurfi. Baƙon ya tsaya cak, ya kalli sawun, ya yi murmushi, ya ɗan rusuna kamar zai sake ɗiba. Sai na ga ƙanina ya zube a kan gwiwarsa yana goge sawun da tafin hannu.

Gwiwa a ƙasa, hannu a ƙasa. Alƙalin wasa ya busa usur. An yi kisa, ba a taɓa shi ba.

Sannan wani ya ƙyalƙyale da dariya, sai duk fili ya ɗauka. Mutanen baƙon suka ɗaga shi sama. Ƙanina yana nan a durƙushe, ya goge wannan sawun ya rarrafa ya goge na gaba, kuma duk inda ya rarrafa yana barin wani. Na shiga na kama shi. Jikinsa sanyi ƙalau kamar wanda aka tsamo daga kanal.

Da a zamanin Baba ne, da an yi maganar kwana biyu an manta. Yanzu kowa da waya. Kafin mu isa gida bidiyon ya riga mu. Har wani ya ɗora masa kiɗa. In ya fita sai samari a bakin shago su ce, "Oga camfiyan, ga tsintsiya!" Wani ya ce, "A ba shi aikin shara a ƙaramar hukuma, ya ƙware." Wanda a da yake riƙe masa ruwa in zai shiga fage, shi na ji yana cewa, "Yaya mai albasa, a yi mana irin rarrafen nan mana, ban ɗauka da kyau ba." Bai tanka wa kowa ba. Na yi zaton kunya ce take cinsa, na ce kunya tana wucewa. Ashe ko jin su ba ya yi.

Ya fara cewa ƙafar ta yi masa nauyi. Da safe sai in same shi zaune a bakin ɗaki ya ɗora dunduniya a kan gwiwa yana dubawa, yana latsawa. Wata rana tushen shinkafa ya ɗan yanke shi, yanka irin wanda muke samu kullum ba ma ko wankewa. Ya kira ni da wata irin murya.

"Yaya, zo ka gani. A nan na Baba ya fara."

"Kai, tushen shinkafa ne. Jiya ma ya yanke ni, ga shi."

"Kai an ɗebi naka?"

Inna hankalinta ya tashi, ta aika wa Kawu, ƙaninta. Kawu ya zo da rubutun sha da garin turare da wani ƙullin magani da aka ce makari ne, a binne a ƙofar gida. Ni kuma na goya shi a babur na kai shi asibiti aka gwada jininsa, aka ce ba suga, lafiyarsa ƙalau. Na dawo ina murna. Amma duk abin da muka yi, ta inda ba mu zata ba yake shiga masa. Da ya ga makari sai ya ce, "Ka gani, su ma sun san an yi." Da na nuna masa sakamakon asibiti sai ya ce, "To in ba ciwo ba ne, mene ne yake min nauyi? Gara a ce suga ne." Liman ya zo ya zauna da shi, ya tuna masa ba mai cutarwa sai da izinin Allah. Ya ce ya sani, ya yi imani, har ya yi kuka. Da liman ya tashi ya raka shi zaure, ya dawo yana share inda ya taka.

Ciwon ya warke cikin 'yan kwanaki, ko tabo bai bari ba. Bai rage komai ba.

Manomin rani ba ya rabuwa da taɓo. In ruwa ya zo, dole ka shiga ka buɗe wa wannan fangali ka toshe wancan, da ƙafa da hannu. Ƙanina ya daina shiga. Sai ya tsaya a kan simintin bakin kanal yana nuna min da sanda. Na sayo masa takalmin ruwa na roba, ya sa na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma sawu ne, ƙafarsa ce a ciki. Ya koma jan reshen darbejiya a bayansa duk inda za shi. In zai je masallaci sai ya bi ta cikin ruwan kwata. Albasarsa ta ɓangaren da nake kasa kaiwa ta ƙone a tsaye, ruwa yana wucewa ta gefenta.

Abin da ya fi karya min zuciya shi ne shanu. Akwai Fulanin da ke zaune kusa da mu, bayan girbi suna kawo shanunsu su ci tushen shinkafa, su sauka kanal su sha ruwa. Ƙanina ya gano lokacin wucewarsu. Sai ya zauna a zaure yana jira, in ya ji kukansu ya fito da sauri ya shiga gabansu, yana tafe suna biye, kofatonsu yana tattake sawunsa. Iyakar fitarsa ke nan a rana. In shanu ba su zo ba, ba ya fita. Mai shanun, dattijo ne mai kirki, bai taɓa tambayarsa dalili ba, har yakan ɗan jinkirta su a ƙofar gidanmu. Na tsaya na kalli mutumin da fage yake yin shiru in ya shigo, yana sauri a gaban shanu yana waiwaye.

Lokacin ɗiban tumatir ya zo, manyan motoci suna lodi a bakin titi za su Kudu. Wata safiya ya ce min zai bi su.

"Can duk kwalta ce da siminti, Yaya. Mutum ya yi ta yawo wuni guda ba ya barin komai."

Na ce, "Inna fa?"

"Ka ce mata na je neman kuɗi. In ƙafar ta yi sauƙi zan dawo."

Na yi ta tunani, na ga a nan yana ƙarewa ne a gaban idonmu, na ce ko canjin wuri zai taimaka. Ya roƙe ni in shigo da babur har cikin zaure. Daga kan dakali ya hau, daga kan babur ya kama ƙarfen mota ya haye saman kwanduna, bai taka ƙasar garinmu ba. Da mota ta tashi sai ya ɗaga murya. Na ɗauka sallama zai yi. Cewa ya yi, "Ka share tsakar gida da kyau!"

Da farko yana kira. Ya ce yana dako a wata babbar kasuwa a Legas. Daga baya ya ce ya bar wurin, domin in an yi ruwa kasuwar tana yin taɓo. Ya kira daga wani gari da bai faɗi sunansa ba, ya ce yana gadin wani bene, aikin ya yi masa, ba ya sauka ƙasa. Na ce ya ƙafa, ya ce tana nan. Kiran ƙarshe bai daɗe ba, ya tambaye ni ko wani baƙo ya zo gari yana tambayarsa. Na ce a'a. Ya ce to. Tun daga nan layin a kashe yake. Na bi direbobin tumatir ɗaya bayan ɗaya, wasu sun ce kamar sun gan shi, ba wanda ya tabbatar.

Bayan tafiyarsa ne na haɗu da tsohon makaɗin da ya yi kiɗa ranar, a kasuwar Bunkure, yana zaune wurin mai shayi. Mutum ne da ya tsufa a bin 'yan dambe gari-gari. Na gaishe shi, na faɗa masa ko ni wane ne. Ya ce ina yaron nan mai albasa, ya daina ganinsa. Na ba shi labari. Ya ajiye kofinsa.

"Subhanallahi. A kan wannan ɗan iskan gajeren? Yaro, ai ba shi da asirin komai. Ko kaza ba zai iya sa wa ciwon ƙafa ba."

Na ce, "Baba, to ya aka yi ya san maganar mahaifinmu?"

"Tambaya ya yi. Haka yake yi. Kafin ya je gari sai ya tura yaransa tun ana saura kwanaki, su zauna irin wurin nan, su saya wa mutane shayi, su yi ta yabon ɗan damben garin. Ku kuwa in an yabi naku sai baki ya buɗe, har kakansa sai kun faɗa. A wani gari an ce masa abokin karawarsa ya taɓa nutsewa a rijiya yana yaro, sai ya shigo fage da guga. Guga fa! Ƙato kamar ƙofar gari ya kama rawar jiki. Ku kuma kuka tashi kuka jiƙa masa fili, kuka shimfiɗa masa tabarma."

Na ce, "Ƙasar da ya ɗiba fa? Ina ya kai ta?"

"Wace ƙasa? Da ya kwance zare ta zube, ya wanke hannu ya ci tsirensa."

"Ka gani da idonka, Baba?"

Mutum ne mai gaskiya, Allah ya saka masa. Ya ce, "Ban gani ba. Ina can ina kiɗa. Amma na san su, dukansu matsorata ne, shi ma gajeren yana da abin da in ka taɓo masa zai zube. Kana zaton don me muke kiɗa da ƙarfi? Don kada su ji bugun ƙirjinsu."

Na baro kasuwar da wani abu kamar sauƙi a zuciyata, amma kafin in kai gida ya tsiyaye. Domin ban da wanda zan kai wa labarin. Kuma na san ƙanina, tambayar da na yi ita zai yi: ka gani da idonka? In na ce masa na gani, na yi ƙarya. In na ce ban gani ba, ban kawo masa komai ba. Na kalli bidiyon nan a wayar maƙwabcina har ya gaji da ara min. Ana ganin lokacin da baƙon ya cusa ƙasar cikin zare. Ana ganin an ɗaga shi an fita da shi. Daidai inda zai sauka sai kan wani mai hula ya tare, bidiyon ya ƙare.

Wanda ya ba da labarin Baba a wurin mai shayi, ban san shi ba, ba na kuma nemansa. Labarin da duk gari ya sani ne, kuma na tabbata cikin alfahari ya faɗa, yana cewa yaron nan maraya ne, ga yadda ubansa ya rasu, ga yadda ya tashi. Ba na jin da mugunta aka yi. Samarin da suka jiƙa fili ma don a yabi garinmu suka yi. Shi kansa baƙon, in na zauna da tunani, abin da ƙanina yake yi wa wasu da albasa shi ya yi masa, sai dai nasa ya shiga wurin da ba ya fita. Na rasa wanda zan ji haushi. Da akwai shi, wataƙila da na fi samun barci.

Har yanzu ana dambe a bayan kasuwa bayan girbi. Na ji an daina jiƙa filin. Ni ba na zuwa. In na ji kalangu daga gona sai in kunna injin ban ruwa ko da ba na bukata.

Akwai abu ɗaya da na yi ta shakkar rubutawa, amma tunda ban faɗi sunan garinmu ba, bari in faɗa. Shekarun baya da muka yi wa ƙofar ɗakin Inna daɓen siminti, ƙanina ya taka tun bai bushe ba, Inna ta yi ta faɗa. Sawun yana nan, na dama. Duk sharar da ya yi, ya manta da wannan. Inna ta kifa tsohon kwano a kai, ba ta bari kowa ya ɗaga. In ta idar da sallar la'asar sai ta jawo tabarma kusa da shi ta zauna. Ban sani ba ko gadinsa take yi ko hira. Idonta ya fara rauni, ƙafafunta ma, ba na jin tana da damina da yawa a gaba.

Saboda haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi. Idan a garin da kuke akwai wani dogon Bakano mai faɗin ƙirji, mai tabon zare a hannun dama, wanda ba ya sauka daga kwalta, in ya zo wurin yashi ko taɓo sai ya kewaye, yana tafe yana waiwayen bayansa, don Allah ku sanar da waɗanda suka buga wannan, sun san yadda za su same ni. Kada ku zo masa ta baya, kada kuma ku kalli ƙafarsa in kuna magana da shi. Ku ce masa Inna tana raye, tana tambaya.

Idan kuma akwai wanda yake wurin ranar, ya tsaya ta bayan fage inda baƙon ya kwance zaren hannunsa, ko ya ɗauka a waya ta wancan ɓangaren, ina roƙonsa ya faɗa min abin da ya gani, ko mai daɗi ne ko marar daɗi. In shi baƙon ne da kansa ya ji wannan, wallahi ba rigima nake nema ba, ba na neman ya ba da haƙuri. Ya ci wasansa. Ya gaya min kawai ina ya zubar da ƙasar nan, kuma ya yarda ya faɗa da bakinsa in ɗauka a waya, ko Allah zai sa in sami wanda zan kunna wa.